Tambaya da Amsa: Wayar siriyal tsakanin saba biyu

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu ɗaya: yadda ake haɗa saba biyu (server, kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) su riƙa gadin juna, in ɗaya ta faɗi ɗayar ta ɗauki kayanta, da kuma inda tsohuwar wayar siriyal take shiga cikin lamarin. Mun taƙaita tambayoyin, mun bar abin da amsa take bukata.

Daga Kano: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti. Na gaji saba biyu masu Linux daga wanda ya riga ni, da manhajar Heartbeat a kansu. Watan jiya suwic ɗinmu ya ɗauke na ɗan lokaci, sai kowace saba ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu, duka biyun suka riƙe adireshin IP ɗaya. An ba ni shawara in ƙara wayar siriyal a tsakaninsu. Na saya na jona, amma ko harafi ɗaya bai tsallaka ba. Ina matsalar take?

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar da aka ba ka daidai take ga manhajar da ke hannunka. Heartbeat ta fito ne daga aikin Linux-HA a ƙarshen shekarun 1990, kuma abin da take yi ba shi da wuyar fahimta: duk bayan 'yan daƙiƙu kowace saba tana aika wa ɗayar ɗan saƙo cewa tana nan da rai. Bugun zuciyar ke nan, ma'anar sunan Heartbeat. In saƙon hanya ɗaya yake bi, to mutuwar suwic da mutuwar saba kama ɗaya suke yi wa mai sauraro, shiru ne kawai. Wayar siriyal ba ta ratsa suwic, ba ta bi ta katin netwok, ba ruwanta da IP balle dokokin tace saƙonni. Abin da ya kashe hanya ta farko da wuya ya taɓa ta. Shi ya sa masu injinan AIX na IBM ma suka daɗe suna amfani da ita a tsarinsu na HACMP.

Game da matsalarka kuwa, wayar muka fi zargi. Kafar siriyal mai fil 9, wadda ake kira DB9, an tsara ta ne don kwamfuta ta yi magana da modem. Kwamfuta tana magana ta fil na 3, tana saurare ta fil na 2, modem kuma akasin haka. Don haka wayar da ta fi yawa a kasuwa miƙaƙƙiya ce, 2 zuwa 2, 3 zuwa 3. Ka haɗa kwamfuta biyu da ita, baki ya haɗu da baki, kunne ya haɗu da kunne. Wadda kake bukata sunanta null modem, mai gicciye a ciki. Kafar kwamfuta namiji ce, fil a tsaye, saboda haka kawunan wayar duka biyu mata ne masu ramuka. In wadda ka saya tana da namiji a gefe ɗaya har ka ƙara mata ɗan mahaɗin sauya jinsi, ka sani mahaɗin nan ba ya gicciya komai. Kuma kai biyu mata ba hujja ba ne, akwai miƙaƙƙu masu wannan siffa. Haka wayar da ke zuwa da wasu UPS, da wayar da ake saita wasu suwic da ita: kamanni ɗaya, ciki daban.

Mitar gwajin wuta (multimeter) ce za ta raba gardama. Ka juya ta zuwa wurin da take yin ƙara in waya ta sadu. Tsinken mita ba ya shiga ramukan DB9, sai ka miƙe ɗan ƙarfen maƙale takarda ka tura a rami ka ɗora tsinken a kansa. Ka haska fitilar wayar hannu a fuskar robar, za ka ga ƙananan lambobi a gefen ramuka. Su za ka bi, kada ka ƙirga da ka, domin jerin macen madubin na namijin ne, nan ne masu haɗawa da dalma suka fi yin kuskure. Cikakkiyar null modem ga yadda take: 2 na wannan kai ya tafi 3 na wancan, 3 ya tafi 2, 5 ya tafi 5 shi ne na ƙasa, 7 ya tafi 8, 8 ya tafi 7, sannan 4 na kowane kai ya tafi 1 da 6 na ɗaya kan a haɗe. Fil na 9 a bar shi.

Ka kula da 7 da 8 sosai. Akwai null modem mai arha da zare uku kawai a cikinta, 2 da 3 da 5. Za ta ci gwajin hannu lafiya lau, amma Heartbeat tana jiran izinin RTS da CTS, siginar neman izinin aikawa da ta ba da shi, kafin ta rubuta, kuma ta 7 da 8 izinin yake wucewa. In babu su, za ka riƙa ganin wannan layi a log: `TTY write timeout on [/dev/ttyS0]`. Mutane da yawa sun canza saba saboda wannan layi, alhali zare biyu ne babu.

In waya ta ci jarrabawa, sai kafar kanta. Ganin /dev/ttyS0 ba ya nufin akwai kafa a jikin injin, Linux tana ƙirƙirar sunayen ko da babu komai a bayansu. A matsayin root ka buga `cat /proc/tty/driver/serial`. Layin da ya ce uart:16550A da port:000003F8 da irq:4 shi ne COM1 na gaske, wato ttyS0. COM2 yana 2F8 da irq 3. Layin da ya ce uart:unknown fanko ne, ka shiga BIOS ka duba ko an kashe kafar, ko an miƙa ta ga na'urar kula da saba daga nesa. Sai ka tabbata ba wanda ya riga ka zama a kanta. Mai yawan yin haka shi ne getty, mai jiran wani ya shigo ta siriyal: `systemctl stop serial-getty@ttyS0` sannan ka hana shi tashi, a tsohon tsari kuma ka rufe layinsa a /etc/inittab. In akwai console=ttyS0 a saitin GRUB ka cire, in ba haka ba saƙonnin kanel za su riƙa zuba cikin bugun zuciya. Manhajar lura da UPS da ModemManager su ma suna leƙa kafar.

Yanzu ka tsayar da Heartbeat a duka biyun, ka ba kowace wannan umarni:

`stty -F /dev/ttyS0 19200 cs8 -parenb -cstopb raw -echo clocal crtscts`

A ta farko ka buga `cat /dev/ttyS0` ka bar ta tana jira. A ta biyu ka buga `echo salama > /dev/ttyS0`. Kalmar ta bayyana a ta farko, sai ka juya, domin zare ɗaya yana iya tsinkewa ɗayan na aiki. In tarkacen alamomi suka fito maimakon kalma, gudun bai zo ɗaya ba. In kalmar tana ta maimaituwa ba tsayawa, ka manta -echo, injinan suna ta mayar wa juna. In shiru ne har yanzu, ka cire wayar ka haɗe fil na 2 da 3 a kafar inji ɗaya, ka kashe crtscts, ka yi cat da echo a wannan injin: abin da ka aika ya dawo maka, kafar lafiyarta ƙalau. Wani tarko kuma yana ga injinan da kafarsu ba a manne take ba, sai da aka jawo ta daga fil 10 na kan madabod da 'yar waya mai faɗi. Tsarin jerin fil ɗin nan iri biyu ne, in aka sa wadda ba tata ba, kafar za ta bayyana a Linux amma komai yana fita ta ramin da ba nasa ba.

Daga nan sai fayil ɗin saitin Heartbeat, /etc/ha.d/ha.cf, iri ɗaya a saba biyun:

`serial /dev/ttyS0`
`baud 19200`
`bcast eth1`
`keepalive 2`
`warntime 10`
`deadtime 30`
`initdead 120`
`ping 192.168.1.1`
`respawn hacluster /usr/lib/heartbeat/ipfail`

Bugu duk daƙiƙa 2, gargaɗi bayan 10, hukuncin mutuwa bayan 30, sannan haƙurin 120 lokacin tashi, wanda ya kamata ya kai aƙalla ninki biyu na deadtime. Sunayen sabobin da ke layin node na fayil ɗinka dole su zo daidai da abin da `uname -n` ya nuna, fayil ɗin authkeys kuma sai izininsa ya zama 600, in ba haka ba manhajar ba za ta tashi ba.

Layi biyun ƙarshe kada ka tsallake su. Da zarar siriyal ta fara aiki, wata sabuwar matsala ta shigo: wayar netwok ɗin saba mai aiki tana iya zarewa, ma'aikata su daina samunta, amma 'yar'uwarta tana jin bugunta ta siriyal, ba za ta motsa ba. Layin ping da ipfail su ke sa su biyun su kwatanta wa ke iya kaiwa ga rauta, wadda ta rasa ta sauka. Ka sa adireshin rautarka a wurin, a wasu injinan kuma ipfail yana cikin lib64. Bayan ka tayar da su, ka nemi layin da ya ce Link da sunan ɗayar da /dev/ttyS0 up. Sai ka zaɓi lokacin da asibiti ya yi sauƙi ka zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya da hannunka, ka ga abin da zai faru. In a ha.cf ɗinka akwai layin crm a kunne, wato Pacemaker, manhajar da ke raba wa sabobin aiki, na zaune a kan Heartbeat, to saƙonnin sun fi ƙarfin 19200, ka ɗaga zuwa 115200, ipfail kuma ba ya aiki a wannan yanayi. Muna kuma ba ka shawara ka fara shirin ƙaura, domin Heartbeat ta daɗe ba ta samun sabon ci gaba.

Daga Damagaram: Mun sayi sababbin saba biyu za mu sa Proxmox. Babu kafar siriyal a jikinsu. In na sayi adafta ta USB guda biyu, zan iya yin bugun zuciyar da su?

Malama, adaftar za ta ba ki kafa, amma ba wanda zai yi magana ta cikinta. Proxmox, manhajar tayar da injina da yawa a cikin saba ɗaya, tana tsaye ne a kan Corosync, mai kai saƙonni tsakanin sabobi, kamar yadda Pacemaker na yau yake, kuma Corosync IP kawai ya sani, babu layin serial a saitinsa. Haka Keepalived, haka kulastar (rukunin sabobi masu gadin juna) Windows Server. Abin da siriyal take bayarwa, wato hanya ta biyu da ba ta dogara da suwic ba, yau da wayar netwok ake samunsa. Ki ware kafar netwok ɗaya a kowace saba, ki haɗa su kai tsaye da waya Cat5e ko Cat6. Katin gigabit yana gicciya da kansa, ba sai kin nemi waya mai gicciye ba. Ki ba su adireshi daga wani rukuni daban, misali 10.20.20.1 da 10.20.20.2, ba tare da ƙofar fita ba. Corosync 3, wanda Proxmox ta koma kansa tun fitowa ta 6 a 2019, yana ɗaukar hanya har 8. Lokacin kafa kulastar da `pvecm create` ki ba shi --link0 da --link1, haka ma a `pvecm add` na saba ta biyu. Umarnin `corosync-cfgtool -s` zai nuna miki halin kowace hanya. Kada ki tura ajiyar bayanai ko ƙaurar injina ta wannan waya, Corosync ba ya cin faɗi da yawa amma ba ya jure jinkiri ko kaɗan.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne ƙuri'a. Saba biyu ƙuri'a biyu, rinjaye kuma sai an haura rabi, wato biyu. Ɗaya ta faɗi, wadda ta rage ba ta da rinjaye: /etc/pve zai koma na karantawa kawai, ba za ki iya tayar da inji ba, in kuma HA, tsarin ɗaukar aikin wadda ta faɗi, a kunne take da aiki a kanta, za ta sake kunna kanta bayan kamar minti ɗaya. Maganinsa ƙuri'a ta uku. Kowace ƙaramar kwamfuta mai Debian ta isa, har Raspberry Pi. Ki sa mata corosync-qnetd, ki sa corosync-qdevice a saba biyun, sannan `pvecm qdevice setup` da adireshinta. Ta kafar TCP 5403 suke magana. Ki ɗora ta a kan wuta da ba ta saba ɗaya kaɗai ba.

In duk da haka kina bukatar adaftar don wani aikin, ki lura da abu biyu. Sunan ttyUSB0 yana iya komawa ttyUSB1 bayan an sake kunnawa, ki yi amfani da sunan da ke cikin /dev/serial/by-id. Sannan ƙananan adaftocin nan marasa riga da masu gyaran rauta da Arduino ke amfani da su volt 3.3 ko 5 suke fitarwa, alhali RS-232 tana yawo tsakanin volt 3 zuwa 15 sama da ƙasa da sifili. Haɗa su kai tsaye ƙona ƙaramar yake yi.

Daga Gusau: Tunda wayar ta haɗa su, ba zan iya kwafe rumbun bayanai ta cikinta ba?

Malam, lissafi zai ba ka amsa. Kowane bayit yana cin bit 10 a kan siriyal, 8 nasa, ɗaya na farawa, ɗaya na tsayawa. A gudun 19200 bayit 1,920 ke nan a daƙiƙa, a 115200 kuma 11,520. Gigabayit ɗaya zai ci kusan awa 24 a gudu mafi girma, abin da wayar gigabit ke gamawa cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka. Ana iya ɗora IP a kanta da pppd, ka ba shi kafar da gudun da adireshi biyu da kalmomin local da noauth, za ka samu hanyar shiga da SSH ranar da netwok ya lalace. Wannan yana da amfani, sai dai kafar da Heartbeat ke riƙe da ita ba ta rabuwa biyu. DRBD, mai kwafe faifai daga saba zuwa saba, da kwafin rumbun bayanai kuwa ka ba su tasu wayar netwok.

Daga Kaduna: Ina da hanya biyu na bugun zuciya, netwok da siriyal, faifan ajiya kuma ɗaya ne su biyun ke gani. Wani ya ce sai na ƙara STONITH. Ba ɓarnar kuɗi ba ce?

Ba ɓarna ba ce, ɗan'uwa, kuma a nan muke so ka tsaya da kyau, domin bayanan mutane ne a kan faifan. Hanya biyu suna rage yiwuwar a yi wa mai rai hukuncin mutuwa saboda waya. Ba sa cewa komai game da sabar da ta sume. Ka ɗauka ta farko ta maƙale na daƙiƙa 40, ƙwaƙwalwa ta cika ko faifai ya tsaya mata. Bugunta ya ɗauke ta duka hanyoyin lokaci guda, tunda mai bugun ne ya tsaya. A daƙiƙa ta 30 ta biyu ta yanke hukunci, ta ɗauki adireshin, ta hau faifan. A ta 40 ta farko ta farfaɗo, ba ta san an yi komai ba, ta ci gaba da rubuta abin da ke hannunta. Tsarin ext4 da XFS ba a yi su don marubuta biyu ba, kowace tana da nata lissafin wuraren da babu kowa, sai su riƙa rubutu a kan na juna. Sau da yawa ba a ganin ɓarnar ranar, sai bayan mako, lokacin da ta riga ta shiga cikin ajiyar da za a dawo da ita.

STONITH shi ne kafin mai rai ta taɓa faifan, sai ta kashe ɗayar da hannunta ta kuma tabbatar. Yawancin saba suna da abin yin haka a jikinsu: IPMI, na'urar kula da saba daga nesa, wanda Dell ke kira iDRAC, HP kuma iLO. Ka ba shi adireshi, ka gwada daga ɗaya sabar da `ipmitool -I lanplus -H` da adireshin da sunan shiga da kalmar sirri, sannan `chassis power status`. In ya amsa, a Pacemaker ka saita fence_ipmilan ga kowace, a tsohuwar Heartbeat kuma layin stonith_host. Ka sa wa ɗaya jinkirin daƙiƙa 10 ko 15, a Pacemaker sunansa pcmk_delay_base, don kada su harbi juna lokaci guda ka wayi gari babu ko ɗaya.

Akwai gurbi ɗaya da ya shafe mu sosai. IPMI wutar sabar yake sha. In wuta ta ɗauke wa saba gaba ɗaya, shi ma ya mutu, ɗayar za ta yi ta kira ba amsa, ta ƙi ɗaukar aikin. Daidai ta yi, domin ba ta da tabbaci. Mafita ita ce mataki na biyu, ko soket mai karɓar umarni ta netwok, ko SBD wanda ke amfani da ɗan yanki na faifan da suke tarayya da agogon gadi na cikin injin, sabar da aka yanke wa hukunci ta kashe kanta.

Daga Sakkwato: Sabar ɗaya tana ofis, ɗayar tana wani gini tazarar mita 40, kowanne da inbatarsa. In ja siriyal?

Kada ka ja, Malam. Ƙa'idar RS-232 ta tsaya a nauyin waya na pikofarad 2,500, wanda a wayar yau da kullum yake kamawa kusan mita 15. Rage gudu yana ƙara nisa, amma nisan ba shi ne babban abin tsoro ba. Fil na 5 yana ɗaure ƙasan injinan biyu wuri ɗaya. Gini biyu, inbata biyu, wataƙila ɗaya na kan janareta ɗaya na kan wutar gari, ƙasansu ba ɗaya ba ne, bambancin kuma ta cikin siririn zaren nan zai bi. Ƙaraminsa tarkacen haruffa, babbansa ƙonewar kafa ko madabod, balle damina ta zo da tsawa. Ko a ɗaki ɗaya ne, in soket ɗinsu daban, ka sa mita a ma'aunin AC ka auna tsakanin ƙarfen jikin wannan da na wancan kafin ka jona. Ya kamata ka ga kusan sifili, in ka ga volt da yawa ka kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa tukuna.

Tsakanin gini da gini faiba ce daidai, zaren gilashi ba ya ɗaukar wuta. Na'urar juya netwok zuwa faiba guda biyu da igiya ɗaya da aka riga aka sa wa kawuna sun ishe ka. In dole sai siriyal saboda tsohuwar manhaja, ka sa na'urar juya RS-232 zuwa RS-422 a kowane gefe, wadda aka rubuta tana da keɓewar wuta a ciki, tana kai mita 1,200 a ƙaramin gudu. Kafin ka biya, ka tambayi mai sayarwa ko tana wuce da RTS da CTS, domin da yawansu zaren magana da na sauraro kawai suke ɗauka.